Yadda zaki dinka wa yarinyarki siket din rawar bale da kanki

Duk karshen zangon karatu sai iyaye mata sun yi min sallama a shagona na Agege da hoto a waya, Anti kinga abin da makaranta ta ce mu kawo, wai yarinya zata yi rawar bale, wato ballet ta Turawa, ranar biki. Makarantun kudi na Legas da yawa sun sa rawar nan cikin darussa, balle tun 2020 da bidiyon yaron nan na Ajangbadi mai rawa cikin ruwan sama ya zaga duniya. Tutu ake kiran siket din, na san abin da kalmar take nufi a Hausa, amma daga Faransanci ta zo, shi yasa mu a shago siket din bale kawai muke cewa.

Kafin ki sa almakashi a yadi ki san cewa kala biyu ne manya. Da can a fadar sarakunan Faransa mata da riguna masu nauyi har kasa suke rawa, sai wajen 1730 wata Marie Camargo ta rage tsawon nata zuwa idon sawu dan a ga aikin da kafarta take yi. A 1832 a Paris, Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide da farin siket marar nauyi wanda ya sauko har kwauri, in ta juya sai ya bi ta kamar hayaki, toh wannan shine dogon. Gajeren kuma wanda yake tsayawa cak a kugu kamar faifai, a karshen shekarun 1800 ya yi karfi musamman a Rasha, lokacin da rawar ta koma juyi da tsalle masu wuya ana so a ga kafa gaba daya. Shi wannan yana cin hawa goma zuwa sha biyu na net mai tauri, a jikin dan wando ake dinka shi, wani har waya ake zura masa a ciki. A 1950 wata tela mai suna Barbara Karinska a New York ta cire wayar ta yi mai laushi.

Ni dai dogon nake ba 'yan uwana shawara, wallahi yafi kyau a jikin yara, yafi sutura, kuma ko wadda ta fara koyon keke wata uku zata iya shi.

Ki shiga Balogun ko Oshodi ki ce net mai laushi kike so, yadin da Turawa suke kira da sunan garin Tulle na Faransa. Ki goga shi a bayan hannunki kafin ki biya, in ya karce ki toh yarinya ba zata iya zama da shi ba. Yar shekara biyar zuwa bakwai yadi hudu zuwa biyar zai ishe ta, ya danganta da fadin net din, sai yadi daya na shafi, sai roba mai fadin inci daya da zare kalar net din. Shafin nan dan Allah ki sa na auduga, da zafin Legas satin yana manne wa yaro a cinya sai kuraje su feso.

Awo uku ne kawai, kugu da kwankwaso da tsawo daga kugu zuwa tsakiyar kwauri. Robar ki rage inci biyu daga awon kugu. Net din ki yanka hawa hudu, kowane hawa fadinsa ya ninka kugun sau uku ko hudu, kuma na ciki ya dan gaza na waje da kamar rabin inci dan kar ya leko. Kar ki wahalar da kanki da kalmasa, net baya zarewa.

Wajen tattara ne mutane suke bata aiki. Ki sa keke a dinki mafi tsawo, ki bi bakin sama layi biyu ba tare da kin kulle zare ba, sannan ki kama zaren kasa guda biyun ki ja a hankali kina baza tattarar da yatsa har ya dawo daidai fadin kwankwaso, ba fadin kugu ba, in ba haka ba siket din ba zai shige ta ba. Kowane hawa ki tattara shi daban. Na taba yin gaggawa ana gobe biki na hada hudun na ja lokaci daya, zare ya tsinke a tsakiya, da fitilar waya na kwana ina warwarewa. In kin gama ki jera su kan shafin, ki kama da fil, ki dinka a jikin bel din da zaki zura robar.

Wadda bata da keke ma akwai hanya, ki yanka net din tsiri tsiri fadin inci shida, tsawon ya ninka tsawon siket din biyu, ki nade kowane biyu ki daura a jikin robar kusa da kusa har ta cika. Sai dai wannan dole a sa mata dogon wando mai kama jiki a ciki.

Kar ki dora masa dutsen guga, narkewa yake yi nan take, ki rataye shi a bandaki kusa da bokitin ruwan zafi tururi zai mikar da shi.

Sai maganar wuta, ita ce nake roko kar ki tsallake. A 1862 wata daliba ta Taglioni mai suna Emma Livry tana gwajin rawa a Paris siket dinta ya taba fitilar gas ya kama, ta yi wata takwas tana jinya ta rasu a 1863 tana da shekara 20. An ba masu rawar yadin da aka sa wa maganin wuta ta ki, saboda yana sa siket tauri ya dushe. Net din yanzu na nailan ne, in ya hadu da wuta narkewa yake ya manne a fata. Mu kuma nan an dauke wuta sai kyandir, ga risho a tsakar gida, ga maganin sauro na kunnawa a kasa daidai tsawon siket din, ga kyandir din kek ranar bikin kanta. In an dawo gida a cire mata shi tun a bakin kofa kafin ta shiga kicin.