Yadda ake rubuta asalin kififfiyar da aka kama

A 1906 masanin dabbobi Friedrich Siebenrock na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya bayyana wata kififfiya da aka ce daga tsibiran Seychelles aka kawo ta, guda uku kacal. An yi ta neman irinta a can ba a samu ba, har aka sa ta cikin dabbobin da suka ƙare. Sai a 2013 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ashe Pelusios castaneus ce, wadda ta cika fadamun Afirka ta Yamma. Ga dukkan alamu takardar da aka maƙala mata ce ta yi kuskuren wuri.

Saboda haka in masunta suka kawo maka ɗaya daga tabkin Madarunfa ko gulbin Maradi, fara da tambayar inda ta shiga taru, ba inda aka sayar da ita ba. Kasuwa ba asali ba ce. Rubuta sunan tabkin, ƙauyen da ke kusa, kwanan wata, da lambobin GPS na waya.

Sai ka kife ta ka danna gaban ƙoƙon ciki da babban yatsa. In ya motsa kamar murfin akwati ya rufe kai, Pelusios ce. In ya ƙi motsi, mai yiwuwa Pelomedusa ce, wadda ke bayyana a kududdufai da damina, ta binne kanta cikin laka da rani. Dukansu lanƙwasa wuya suke gefe, ba sa janye shi kai tsaye kamar kunkurun tudu. Ka shirya wa wari, hannu kan daɗe da shi.

Tsawon ƙoƙon baya ana auna shi a miƙe, da santimita. Wanda ya bi doron da zare zai ƙara mata tsawon da ba nata ba. Hoto uku ya isa: baya, ciki, da kai, ma'auni na gefe.

Don gwaji, ɗan guntun farce ake yankewa a sa cikin alkol mai ƙarfin kashi 95. Fomalin, ruwan maganin da ake adana gawar dabba da shi, na lalata ƙwayoyin halitta, kada a kusance shi. Takardar bayani kuwa da fensir ake rubuta ta, a jefa cikin kwalbar, domin alkol na wanke tawadar biro, takardar da aka liƙa a waje kuma zafi na ɓamɓare ta. Kwalba ɗaya, dabba ɗaya.

In an gama, a mayar da ita ruwan da ta fito, kada a sake ta a wani tabki don ya fi kusa.