Yadda Za Ka Adana Fim ɗin Kyamara a Legas

Zafi da laimar Legas suna saurin lalata fim, musamman da damina.

Da farko, bar shi cikin robarsa a rufe. Saka robar a leda mai zif tare da ɗan ƙullin silika, irin na cikin kwalin sabon takalmi, ka ajiye a firji, ƙasa da digiri 13.

Ranar aiki, fito da shi ya yi kamar awa 2 a ɗaki kafin ka buɗe. In ka yi gaggawa, raɓa za ta kwanta masa ta ɓata hoton. Don Allah kada ka tsallake wannan.

Kada ka bar kyamara cikin motar da ke fake a rana.

Da ka gama ɗauka, kai fim ɗin wurin wankin hoto da wuri. Nagatif kuwa, wato fim ɗin da aka riga aka wanke, riƙe shi ta gefe, domin shatin yatsa yana jawo fumfuna.