Malam, wayarka ba ɗakin malamai ba ce

Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, aikin malami ya tare a waya. An koma aji, amma guruf-guruf ɗin suna nan daram: na malamai, na iyayen yara, na ƙungiyar malamai ta ƙasa (NUT), na tsofaffin abokan karatu, ga kuma na kowane aji da kake ɗauka.

Babban kuskure shi ne barin kowace ƙofa a buɗe. Wannan uba ya neme ka a WhatsApp, wancan a Messenger, ɗalibi ya turo aikin gida ta Telegram, kai kuma ka rasa inda ka ga wanne. Zaɓi hanya ɗaya, ka sanar a taron iyaye da malamai (PTA), ka tsaya a kanta ko da za a yi ƙorafi.

Sai guruf ɗin aji da ake sakin wa mara. Ka tura jadawalin jarabawa da hantsi, kafin azahar ya nutse ƙarƙashin hotunan barka da Juma'a, tallan atamfa da saƙon murya na minti tara. Gobe uwa ta kira ta ce, "Malam, ai ba a faɗa mana ba." Gaskiyarta. Shiga saiti ka mayar da shi admin kaɗai ke rubutu, ka maƙale sanarwar a sama, ka riƙa buɗe shi na awa guda bayan la'asar don tambayoyi. Guruf ɗin tsofaffin abokai kuwa, kashe masa ƙara ya isa; fita sai ta jawo maka surutu.

Amsa saƙo ƙarfe 11 na dare ma kuskure ne, don ka yi sau ɗaya an samu wurin zama. WhatsApp Business a layi na biyu yana iya ba da amsa da kansa cewa sai da safe. Ka kuma hana bidiyo sauka ba da izininka ba, shi ke shanye data ya cika waya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ajiye makin ɗalibai a cikin hira. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke kusan awa shida. Waya ma tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta a adaidaita. Maki ya shiga rajista tukuna. Sakamakon yaron da ya faɗi kuma a kira mahaifinsa, ba a guruf ake baza shi ba.