Ɗan Kano mai tafiya Alƙahira, fara tambayar ina tashar metro take

Duk shekara idan tafiya karatu Masar ta matso, ƙannenmu kan cika min zaure a Gwammaja da tambayar kuɗin haya da na abinci. Ba mai tambayar metro, jirgin ƙasan cikin gari, alhali shi ke juya farashin hayar.

Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 muka saba da adaidaita sahu: ka ɗaga hannu, ku yi ciniki, ya sauke ka a bakin lungu. Metro ba ya ciniki, ba ya jiran kowa. Na Alƙahira ya fara aiki a 1987, shi ne na farko a Afirka. Layin farko ya miƙe daga Helwan zuwa Marg, na biyu ya ratsa ta ƙarƙashin kogin Nilu ya bi ta Jami'ar Alƙahira, na uku kuma da aka buɗe a 2012 ya bi ta Abbasiyya.

Ƙanina, ga inda mutanenmu ke yin asara. Duk inda aka kafa tasha, unguwar takan tashi. Shaguna su buɗe, masu tuyar ɗa'amiyya, wato ƙosan Masarawa, su kafa kasko, 'yan tebur su cika bakin ƙofa kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah, masu gidaje kuma su ƙara haya. Sai sabon zuwa ya ji farashin ya tsorata, ya gudu can nesa inda ɗaki ke da araha. Araha ba ta ado. Abin da ka rage a haya, ƙananan motocin haya za su cinye shi, ga sa'o'in da za ka ɓata a cunkoso kullum. Ni shekara guda na yi a Hayyul Ashir, inda ɗaliban Afirka suka yi yawa amma metro bai kai ba, kafin na gane lissafin. In dillali ya ce maka gida yana kusa da tasha, taka da ƙafarka ka ƙirga mintunan kafin ka biya.

Kuɗin tikiti ya danganta da yawan tashoshin da za ka wuce, kuma kada ka yar da shi, da shi za ka fita. In ka samu katin makaranta, nemi tikitin ɗalibai da suke kira ishtirak, yana da rangwame sosai.

A tsakiyar jirgi akwai taragun mata zalla. Wannan ya sauƙaƙa wa mata da yawa zuwa aiki da makaranta, kuma ƙannenmu mata su riƙe shi. Kai kuwa namiji, duba alamar da ke bakin dandamali kafin ka afka da gudu, don in ka kuskure, matan ciki ba za su jira ɗan sanda ba, su da kansu za su fito da kai.