"Ai a wajena tana aiki": kurakuran da ke kayar da manhaja a kwamfutar mai saye

Yawancin manhajojin da matasanmu ke haɗawa a Bauchi lafiya lau ake gama rubuta su, a wajen kai wa mai saye ne suke faɗuwa. Yaro ya fito daga ATBU ko Poli ta Gwallameji, ya iya C# ko Python, ya haɗa wa mai kemis a Wunti manhajar lissafin magani, ko ya yi wa wata makarantar kuɗi ta fitar da sakamakon jarrabawa. A laftof ɗinsa komai sumul. Ya zuba a filash ya kai, aka danna, ta ƙi buɗewa. Sai ka ji, "Wallahi Alhaji a wajena tana aiki." To Alhaji dai ba kwamfutarka ya biya kuɗi a kai ba.

Tushen matsalar shi ne kwamfutar mai rubuta manhaja ba irin ta kowa ba ce. Visual Studio, wato manhajar da ake rubuta kod a cikinta, da Office da sauran abubuwan da ka girka sun riga sun zuba mata fayiloli da yawa waɗanda manhajarka ke jingina da su ba ka sani ba. Kamar tela ne ya auna riga a jikinsa ya ɗinka, sannan ya aika wa wani ya ce ya sa.

Saƙon da aka fi gani shi ne na rashin VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll. Maganinsa Visual C++ Redistributable na Microsoft, kuma wanda ya dace da manhajar za ka girka, ba wanda ya dace da Windows ba: manhajar 32-bit tana buƙatar x86 ko da a kan Windows mai 64-bit take. Kada ka shiga irin shafukan nan masu raba DLL ɗai-ɗai ka sauko da guda ka jefa a System32. Daga nan ake kwaso bairos, daga nan kuma ake samun kuskuren 0xc000007b, wanda galibi ke nuna an cakuɗa fayil na 32-bit da na 64-bit. In kuwa sunan fayil ɗin da ake nema ya ƙare da D, kamar VCRUNTIME140D.dll, ko ka ga ucrtbased.dll, to Debug ka kai wa mutane, wato ginin gwaji na mai rubuta manhaja. Koma ka gina da Release, wanda shi ne ginin da ake rabawa. Masu amfani da Access, rumbun bayanai na Microsoft, su ma suna da nasu: saƙon da ke cewa ba a yi wa Microsoft.ACE.OLEDB.12.0 rajista a kwamfutar ba. Sau da yawa yana nan, sai dai shi na 32-bit ne, manhajarka kuma ta tashi a 64-bit. Ka tsayar da manhajar a x86 ko x64 gwargwadon wanda aka girka, ka daina barin ta a Any CPU kana fata.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka je ka ga kwamfutar da za a yi aikin a kanta. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, amma duk wanda ke shiga shagunan kwafi da buga takardu na Yelwa ya san har yanzu ana cin karo da su. Python 3.8 ne na ƙarshe da ke tashi a Windows 7, Electron kuma, wani kayan gina manhaja, na 22. In ka gina da wanda ya fi su sabunta, ba za ta tashi a can ba. Gwajin da ya fi kowanne amfani kuwa kyauta ne: girka Windows tsirara a VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin taka, ba Office, ba Visual Studio, ka cire mata intanet, ka shiga da asusun da ba na admin ba, sannan ka girka manhajarka. Duk abin da ta nema a can, ka cusa shi cikin fayil ɗin girkawa. Inno Setup, mai haɗa fayil ɗin girkawa, ya isa wannan aiki.

Ina bayanan suke kwana?

Nan ne asarar ke da ciwo, domin manhajar tana buɗewa, kowa na murna, bayanai kuwa na zuba a inda bai kamata ba. Mafi sauƙin ganewa shi ne wanda ya rubuta hanyar fayil a cikin kod, irin C:\Users da sunansa da Desktop. Wannan tun ranar farko yake tona kansa. Wanda ya fi shi haɗari shi ne ajiye rumbun bayanai a cikin Program Files, kusa da manhajar. Tun daga Windows Vista, asusun da ba na admin ba ba ya iya rubutu a wurin. Sabuwar manhaja za ta ce an hana ta. Tsohuwa ta 32-bit, irin ta VB6, ba za ta ce komai ba: Windows zai karkatar da rubutun a ɓoye zuwa wata folda mai suna VirtualStore a ƙarƙashin AppData na mai asusun. Sai yaron shago ya shigar da cinikin wata guda, ranar da Alhaji ya buɗe ta a matsayin admin ya tarar da rumbu wayam, a fara zargin yaro. Bayanan mutum ɗaya wurinsu AppData. Waɗanda duk masu shiga kwamfutar za su taɓa wurinsu ProgramData, kuma fayil ɗin girkawa ne zai ba foldar izinin rubutu.

Masu Python, ku kula da PyInstaller, mai naɗe kod ya zama manhajar da ake dannawa ta buɗe. In kun naɗe manhaja ta zama fayil guda, duk lokacin da aka buɗe ta tana warware kanta ne a wata foldar wucin gadi mai farawa da _MEI, in an rufe a goge foldar. Wanda ya sa rumbun SQLite ɗinsa, wato rumbun bayanai da ke zaune a fayil guda, kusa da kod ɗin, to a cikin wannan foldar yake, kuma duk cinikin yini zai tafi da ita.

Sai wuta. Littattafan koyon manhaja ba su cika damuwa da ɗaukewar wuta ba, mu kuwa da ita muke kwana muke tashi, ga kwamfutocin tebur da ba su da UPS, ga tsoffin laftof da batirinsu ba ya riƙe minti ɗaya. Ciniki guda a kemis rubutu uku ne aƙalla: a shigar da rasit, a rage kaya, a ƙara kuɗi. In an ɗauke wuta bayan na farko, lissafi ya karkace, kuma sai ƙarshen wata za a gane. Dole ukun su shiga cikin transaction guda, ko duka su zauna ko duka su fasa. SQLite an gina shi ya jure irin wannan yankewa, sai dai in kai ka kwance masa ɗamara, kamar masu sa PRAGMA synchronous=OFF don sun karanta cewa yana ƙara sauri. Yana ƙarawa, amma a garin da wuta ba ta sallama kafin ta tafi, rumbun ne zai lalace. Haka fayil na saituna: rubuta sabo da wani suna, in ya kammala ka sauya masa suna ya maye gurbin tsohon.

Ajiyar kwafi ma akwai tarko. In SQLite na aiki da tsarin WAL, sababbin bayanai na iya kasancewa a fayil na gefe mai ƙarewa da -wal, don haka wanda ya kwafe babban fayil kaɗai alhali manhajar na buɗe ya bar na baya-bayan nan. Yi amfani da VACUUM INTO, wanda ya shigo tun 2019, ka fitar da cikakken kwafi zuwa filash ko wani wuri daban. Kwafin da ke kan faifai ɗaya da asalin ba ya ceton kowa ranar da faifan ya mutu. Kuma in shagon ya girma har kwamfuta uku na son rumbu ɗaya, kada ka sa fayil ɗin SQLite ko Access a foldar da aka raba ta netwok. Lokacin PostgreSQL ko MySQL ko SQL Server Express ya yi. Ka ba kwamfutar da ke riƙe da rumbun lambar IP tsayayya, ka buɗe mata ƙofa a firewall, 5432 ko 3306 ko 1433, ka kuma tuna SQL Server Express yana zuwa ne da TCP/IP a kashe.

Sunayenmu da lambobinmu

Wanda ya gwada manhajarsa da "Test" da "Musa" bai gwada komai ba. Gwada ta da Asma'u, da Sa'adatu, da Mu'azu, da Jama'are. In kana haɗa umarnin SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, ta hanyar liƙa rubutu da rubutu, wannan 'yar alamar da ke tsakiyar sunan za ta yanke umarnin gida biyu, manhajar ta faɗi. Na ga inda aka "gyara" wannan ta hanyar hana magatakarda rubuta alamar, wato aka sauya wa ɗalibai suna don a rufa wa kod asiri. Gyaran gaskiya shi ne a tura kowace ƙima ta parameter, wato daban da rubutun umarnin, wanda kuma shi ne ke toshe ƙofar masu kutse ta SQL. Cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar nan akwai Itas/Gadau, maƙwabtanmu na Gombe kuma suna da Yamaltu/Deba. Manhajar da ke raɗa wa fayil ɗin rahoto sunan ƙaramar hukuma za ta yi tuntuɓe a kansu, domin a wajen Windows wannan karan alamar shiga folda ce. Haka kwanan wata mai irin wannan karan in aka sa shi a sunan fayil.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, babu su a tsohon tsarin Windows-1252, shi ya sa Tafawa Ɓalewa ke fitowa da alamar tambaya a kan takardar sakamako. A SQL Server yi amfani da NVARCHAR, a MySQL utf8mb4, a Python ka rubuta encoding="utf-8" duk inda ka buɗe fayil, in kuma CSV ne da za a buɗe a Excel, utf-8-sig. Amma ka sani magatakarda da yawa ba su da waɗannan haruffa a kibod, za su buga Balewa su ce sunan ya ɓata. Ajiye wani gurbi na bincike wanda aka miƙe haruffan a cikinsa, aka cire alamomin.

Lambar waya, NIN, BVN da lambar asusun banki duk rubutu ne, ba a tara su ba a raba su. In ka ajiye lambar waya a matsayin adadi, sifilin farko zai faɗi, sauran goman kuma sun wuce iyakar int na 32-bit, wato 2,147,483,647. Kuɗi kuwa kada ya shiga float ko double, inda 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. Yi amfani da decimal, ko ka ajiye kwabo a lamba mai 64-bit. A 32-bit kwabo zai cika ya tumbatsa a ɗan sama da naira miliyan 21, abin da dillalin hatsi a Muda Lawal zai wuce ba tare da ya lura ba.

Kwanan wata na da nasa salon ɓarna. Kwamfutoci na hannu da yawa na zuwa da saitin Amurka, wata kafin rana. Daga 1 zuwa 12 ga wata manhajar za ta karɓi kwanan ta juya shi a shiru, 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris, sai ranar 13 ta faɗi, tunda babu wata na 13. In mai saye ya ce maka manhaja ta yi kusan mako biyu lafiya sannan ta birkice, fara duba nan. Ajiye kwana a tsarin shekara-wata-rana, kamar 2025-04-03, ka kuma faɗa wa kod tsarin da zai karanta, kada ka bar wa saitin kwamfutar. Akwai kuma ɗan batirin CR2032 na cikin kwamfuta. In ya mutu, agogo na komawa shekarun baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, rasit su fito da tsohon kwana, lasisi ya rikice. Sa manhajar ta kwatanta agogo da kwanan rubutu na ƙarshe a rumbu duk sanda ta tashi, in agogon ya koma baya ta tsaya ta yi gargaɗi.

Sauran a gurguje. Taga da ka tsara a babban allo maɓallin ajiyewarta zai nutse a laftof mai 1366x768, don haka gwada a wannan girman. In Windows ya rubuta "Not Responding", ba lallai manhajar ta mutu ba, aiki mai nauyi ka ɗora wa zaren (thread, wato layin aiki a cikin manhaja) da ke kula da taga har ya yi kusan daƙiƙa 5 bai amsa ba. Mayar da aikin wani zaren, ka nuna alamar ci gaba, in ba haka ba za a kashe ta ana tsakiyar rubutu. Ƙananan firintocin rasit masu takarda 58mm da 80mm da yawa ba su san alamar ₦ ba, sai ka buga N ko ka tura rasit ɗin a matsayin hoto. In Defender ko SmartScreen ya tare manhajarka, kada ka ce wa mai saye ya kashe kariyarsa, a kwamfutar da filash goma ke shiga kullum. Gina ta a matsayin folda maimakon fayil guda, ka bar matse ta da UPX, ka tura wa Microsoft ita ta shafinsu na kai rahoton kamun kuskure. Takardar sa hannu ta dijital na taimakawa, sai dai da dala ake sayenta.

Wanda ke Azare ko Misau ba zai iya yi maka bayanin abin da ya faru ba, iyakarsa ya ce ta ƙi, ko ya turo hoton allo ta WhatsApp. Saboda haka catch, wato wurin da kod ke kama kuskure, in babu komai a cikinsa cutar kai ne. Kowane kuskure ya shiga fayil na log da lokacinsa da layin da ya faru, lambar sigar manhajar ta fito a saman taga yadda za ta shiga hoton, a kuma sa maɓalli ɗaya da zai tattara log ɗin wuri guda a turo maka. In ta faɗi tun kafin ta rubuta komai, Event Viewer na Windows yakan riƙe sunan fayil ɗin da ya jawo.

Ranar kai sabuwar siga ita ce ranar da aka fi goge wa mutane bayanai, domin fayil ɗin girkawa na ɗauke da rumbu wayam, ya kuma kwantar da shi a kan na shekara guda. A Inno Setup ka sa wa fayil ɗin rumbu onlyifdoesntexist da uninsneveruninstall. Sauyin tsarin teburan rumbun kuma manhajar ce za ta yi shi da kanta in ta tashi: ta duba lambar siga da ke cikin rumbun, a SQLite PRAGMA user_version, ta ɗauki kwafi tukuna, sannan ta bi sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya a cikin transaction. Kafin ka hau mota zuwa Azare, ka gwada wannan a kan kwafin ainihin rumbun mai sayen, da izininsa, ba a kan naka mai layi biyar ba.