Yadda na gyara rikicewar jerin lambobi tsakanin MATLAB da Python

Alhamdulillahi, matsalar da ta hana ni barci kwana biyu ta warware.

MATLAB da Python harsunan rubuta manhajar kwamfuta ne. Abokin aikina ya ajiye hoto a MATLAB, jerin lambobi mai layi 480 a kwance da 640 a tsaye, da fwrite(fid, A, 'double'). Na karanta da np.fromfile na NumPy, kayan aikin lissafi na Python, na yi reshape((480, 640)) don in mayar da lambobin cikin layukansu, sai hoton ya fito a yamutse kamar an kaɗa koko.

Da farko na zargi nau'in lambobin, na sauya float64 (lamba mai bit 64) zuwa float32 (mai bit 32), abin ya ƙara lalacewa. Na saka .T, mai mayar da layin kwance ya koma na tsaye, a ƙarshe, shirmen ne kawai ya juya gefe.

Sai na bar babban fayil ɗin, na gwada ƙarami, abin da ya kamata in fara yi tun farko:

A = [1 2 3; 4 5 6]

Da na ajiye shi a MATLAB da fwrite, Python ya karanto 1 4 2 5 3 6. Ashe MATLAB yana jera lambobi ne daga sama zuwa ƙasa, layin tsaye bayan layin tsaye, irin na harshen manhaja na Fortran. Shi kuwa NumPy, idan ba ka ce masa komai ba, kwance yake bi, irin na harshen C.

Gyaran ke nan, a saka order='F', wato a bi tsarin Fortran:

A = np.fromfile('hoto.bin', dtype='<f8').reshape((480, 640), order='F')

Hoton ya fito tsaf. Saura abu ɗaya: MATLAB daga 1 yake ƙirga, Python daga 0, don haka A(10,20) ɗinsa ya zama A[9,19] a wurina. Na buga biyun, lambobin suka yi daidai.