Idan jijiyar ƙoƙon gwiwa ta tsinke bayan aikin canjin gwiwa, ga abin yi

Abin bai cika faruwa ba, cikin mutum 100 da aka canza wa gwiwa da ƙyar a samu ɗaya, amma in ya faru akwai wahala. Jijiyar da nake nufi ita ce wadda ta taso daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ta kama ƙashin ƙauri, da ita ake miƙe ƙafa. In Mama ko Baba ya ɗan zame, ko gwiwar ta lanƙwashe da ƙarfi, sai kuka ga ya kasa ɗaga ƙafar a miƙe yana kwance, ƙoƙon ya haura sama, ƙasansa kuma ya lotsa in an taɓa, to kar ya sake takawa, a ɗaure ƙafar a miƙe a tafi wajen likitan ƙashi, irin asibitin Dala a Kano ko inda aka yi aikin farko. Don Allah kar a kai wa mai ɗori, wannan ba karaya ba ce, kuma akwai ƙarfe da roba a ciki.

A asibiti za su ɗauki hoto, su gwada jini, wataƙila su zuƙi ruwan gwiwar, don in akwai ƙwayar cuta sai an magance ta tukuna. Ku faɗa masu in yana da ciwon suga, ciwon ƙoda ko yana shan maganin sitiroyid, duk suna raunana jijiya.

Aiki za a yi a ɗinke jijiyar. Ku tambayi likita da me zai ƙarfafa ɗinkin, wannan tambayar na fi so ku riƙe, domin ɗinki kawai a irin wannan gwiwar sau da yawa sakewa yake yi. Ana iya ciro jijiya daga bayan cinyar mutum a yi ƙari da ita, ko jijiyar agara da aka adana daga mamaci inda ake da ita, ko ragar roba irin ta aikin ƙaba, hanyar da likitocin Mayo Clinic a Amurka suka bayyana a 2011. Ana ɗaure ta tamau ne ƙafa na miƙe.

Sauran aikin a gida yake, kuma a nan mutane ke yin asara. Ƙafar za ta zauna a miƙe cikin filasta ko takalmin gwiwa sati 6 zuwa 12, babu lanƙwasawa ko kaɗan, sallah a kujera ƙafa a miƙe, masai na zama ba na tsuguno ba, wanka ma a zaune kuma kar filastar ta jiƙe. Bayan nan masu gashin ƙashi na asibiti za su fara lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, kar wani a gida ya ce zai taimaka ya danna. Zazzaɓi, ruwa daga ciwon, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, a koma asibiti ranar, kar a jira ranar da aka rubuta a kati.